Lambun Cikin Gida: Fulawar Ti Da Irin Ruwan Da Take Sha

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wata fulawa da yawancinku kun sha gani, ko da ba ku san sunanta ba. Tana da kara siriri miƙaƙƙe, ganyenta dogaye ne kamar na masara amma sun fi shi faɗi da sheƙi, wasu kore shar, wasu ja wur, wasu kuma ja da ratsin ruwan hoda. Masu sayar da fulawa a bakin titi a Ankara da Kumasi ba sa rabuwa da ita. Sunanta ti, masana tsirrai kuma suna ce mata Cordyline fruticosa.

Kukan da masu ita suka fi yi guda ɗaya ne. Mutum ya saye ta da kuɗinsa tana walƙiya, ya ajiye a falo, kafin wata biyu bakin ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta. Sai ya ce ƙishirwa ce, ya riƙa ɗura mata ruwa safe da yamma, har saiwar ta ruɓe, fulawar ta mutu. Alhali kuwa sau da yawa ba ƙishirwa ba ce. Irin ruwan ne, ko kuma bushewar iska.

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, gidan su ti shi ne kudu maso gabashin Asiya da tsibiran tekun Fasifik, inda ruwan sama ba ya yankewa, iska kuma kullum da laima. Mutanen dā na waɗannan tsibirai sun riƙa ɗaukar karanta a kwalekwale, duk tsibirin da suka sauka sai su dasa, har suka kai ta Hawai, wadda ta zama jiha a Amurka a 1959. A can suna naɗe kifi ko nama da ganyenta su turara, kamar yadda muke ƙulla alala a ganye. Suna yin tufafin rawa da shi, da rigar ruwa, da takalmi. Suna kuma dasa ta kewaye da gida don sun yi imani tana kawo sa'a. A Niyu Gini kuwa, da ita ake shaida iyakar gona. Wanda ya riƙe wannan asali nata a ransa, ya gama rabin aikin renonta.

Mu fara da ruwa. Ti tana daga cikin tsirran da ba sa jure wani sinadari da ake kira fuloraid, wanda ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwa. Saiwa ta zuƙe shi, ya hau ya taru a bakin ganye, wurin ya bushe. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi ɗauke da shi. 'Yan uwanmu na arewa sun san labarin, musamman a gundumar Bongo kusa da Bolgatanga, inda yawansa a wasu rijiyoyi kan sa haƙoran yara su yi dabbare-dabbare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Amma kada hankalin kowa ya tashi don ganyen fulawarsa ya ƙone. Abin da bai kai ya taɓa ɗan Adam ba ma yana iya ƙona ganyen ti.

Maganin abin yana saman kwanon gidanku. Ku tari ruwan sama da damina, ku adana a jarka mai murfi saboda sauro, ku riƙa ba ta shi. Wasu kan ce a bar ruwan famfo ya kwana kafin a zuba. Wannan yana rage warin maganin da ake sa wa ruwan famfo, amma ba ya fitar da fuloraid. Tafasawa ma ba ta fitar da shi. Haka nan a guji takin supa, domin shi ma yana ɗauke da wannan sinadari.

Yaushe za a ba ta ruwan? Ku tsoma yatsa a ƙasar tukunyar har gaɓa ɗaya. In da danshi, ku ƙyale ta. In ta bushe, ku zuba sosai har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huji a gindi kabari ce. Ƙasar kuma a haɗa baƙar ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen takin gargajiya kashi 1, a sa gutsattsarin gawayi a gindin tukunya don ruwa ya sami hanya.

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙayau, leɓe ya tsage, to haka ganyen ti yake ji. A wannan lokaci ku ɗauke ta daga bakin tagar da iska ke kaɗawa, ku haɗa ta wuri guda da sauran shuke-shuke. Ku zuba tsakuwa a faranti, ku sa ruwa kaɗan, ku ɗora tukunyar a kai ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Duk mako a goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasa. Wannan gogewa tana da amfani biyu, domin da rani ne wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotse shi, sai ka ga ɗigo-ɗigo rawaya da yana siririya. In sun bayyana, a narkar da ɗan sabulun salo a ruwa a wanke ganyen, a maimaita bayan mako guda. Masu na'urar sanyaya ɗaki su ma su nisanta ta da bakin na'urar.

Game da haske, tana son wuri mai haske sosai amma ba rana tsaka ba. Tagar gabas ta fi, inda za ta sami hantsi ta huta da zafin azahar. In kuka ga jan ganye yana komawa kore, haske ne ya yi mata kaɗan. In kuma ganyen can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi ɗaya bayan ɗaya, wannan tsufa ne, ba ciwo ba.

Gargaɗi ga masu kyanwa ko kare a gida: ganyen yana sa su amai da dalalar miyau in sun tauna. A ɗaga tukunyar inda ba za su kai ba.

In ta yi tsawo ta zama sanda tsirara da ɗan ganye a ka, kada ku jefar. Ku sare karan, gindin zai yi sabon toho. Abin da kuka sare ku yanka gunduwa-gunduwa kamar santimita 10, ku kwantar a jiƙaƙƙen yashi, rabi a binne rabi a waje, a inuwa. Cikin 'yan makonni za ku ga tsiro. Da haka ta ƙetare teku, da haka kuma mai ɗaki ɗaya a gidan haya zai mayar da tukunya guda ta zama biyar, ya ba maƙwabta, in an tashe shi ya ɗauki lambunsa a ka ya yi gaba.

Saboda haka, kafin damina ta wuce, a tanadi jarka.