Kilon Yaro Ba Na Maƙwabta Ba Ne

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce mun raka iyalin wani abokin aikinmu filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, za su tafi Umara: uwa, da goyonta ɗan wata tara, da yarinya 'yar shekara huɗu, da yaro ɗan shekara bakwai. Akwatuna shida muka sauke daga mota, ban da jakar gana-masgo guda. Da aka zo awo sikeli ya ƙi, sai aka shiga kwance kaya a bainar jama'a. Jama'a, abin da idanunmu suka gani! Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, dambun nama, turaren wuta, kowane ƙulli da sunan mai shi da na wanda za a kai wa a Makka ko Jidda. Da aka ce dole a rage kilo tara, me aka cire? Rigunan sanyin yara, da ƙunshin famfas guda, da gwangwanin madara. Ƙullin Hajiya Babba kuwa ba wanda ya isa ya taɓa, wai kada a ji kunya.

Wannan kunyar muke so mu yi wa tsirara a yau, domin mu ma muna cikin masu laifin: ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen nan daga gidanmu ya fito.

Yaron da ya haura shekara biyu kujera ake saya masa, kuma galibin kamfanoni suna ba shi awon kaya irin na babba, akwati mai kilo 23, wani lokaci biyu. Da zarar unguwa ta ji haka, shi ke nan, an samu jakin dako. Ba a ƙara kallon yaron a matsayin matafiyi mai bukata, sai dai kilo 23 da Allah ya kawo. Sallahu ya yi ta kwarara har daren tafiya, uwar kuma ba ta da bakin cewa a'a, don kada a ce tun ba ta hau jirgi ba ta fara girman kai.

Za a ce mana zumunci ne, kuma ɗan'uwan da ya shekara goma a can yana marmarin miyar kuka. Mun ji. Amma wane irin zumunci ne wannan da mai aikowa yake kwana a gadonsa, jariri kuma ya biya kuɗin? Kuma wa ya buɗe ƙullin ya ga abin da ke ciki? Ashe mun manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a watan Disamba na 2018, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka manna wa sunanta tun daga Kano ba da saninta ba? Sai ƙarshen Afrilun 2019 ta shaƙi iskar 'yanci, bayan an gano ba ta da hannu. Ita ke nan da ba ta karɓi jakar kowa ba, ina ga wadda ta karɓa da hannunta, ta kuma sa aka rubuta sunan ɗanta a kai? Ko goro, da muke ɗauka ba komai ba ne, hukumar alhazai ta sha gargaɗin cewa haramun ne shiga da shi ƙasar.

A wurinmu shirin tafiya da yara daga jakar hannu yake farawa, wadda yawanci ba ta wuce kilo 7. Ita kaɗai ce za ta zauna tare da uwa na wajen awa biyar a sama, ban da zaman jira da ba wanda ya san ƙarshensa, kuma ita ce za ta rage mata in akwatuna suka yi ɓatan kai. A cikinta ya kamata a ga fasfon kowane yaro da katinsa na rigakafi, da kayan canji kashi biyu ga kowannensu, da zani guda na uwar kanta, domin yaro in zai yi amai ba ya zaɓen wuri. Sai famfas fiye da lissafin awannin tafiya, da leda ta zuba masu datti, da rigar sanyi da safa, saboda sanyin cikin jirgi ba ya tausayin ɗan da ya saba da zafin Kano. Maganin da likita ya rubuta ya zauna cikin kwalinsa tare da takardarsa, kada a juye shi a ƙullin leda.

Tun shekarar 2006 galibin filayen jirgi ba sa barin a wuce da ruwa-ruwan da mazubinsa ya haura mililita 100, amma madara da abincin jariri an yi musu sassauci, sai dai a nuna wa masu bincike. Iyaye mata nawa ne suka zubar da madarar goyonsu a bakin ƙofa don ba wanda ya taɓa gaya musu haka? Haka batun kunne. Idan jirgi ya fara saukowa iska tana matsa dodon kunne, kuma 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ƙanƙanuwa ce a wurin yara, shi ya sa suke tsala ihu. Haɗiya ce maganin: a ba jariri nono ko fida a daidai lokacin, babba a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa. Ba iskokai ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne, kamar yadda wasu alhazai masu harara suke zato.

Maigida fa? Sau da yawa za ka gan shi can gaba, fasfo a aljihu, carbi a hannu, matar tana biye da goyo da jaka biyu da yaro yana jan zaninta. Malam, hannunka ciwo yake yi?

Yanzu bari mu juyo kanmu, 'yan'uwa marubuta. Littattafai nawa muka cika da hawa jirgi? Jarumarmu takan taka matakala tana rangwaɗa, da 'yar jakarta a kafaɗa, shafi ɗaya sai ga ta a Landan ko Dubai, ba gumi, ba sikeli, ba ɗan da ya ɓata wando. Mun mai da jirgin sama tambarin arziki kawai, alhali matan da ke karanta mu, waɗansunsu gobe za su hau shi karon farko da 'ya'ya uku, kuma abin da suka sani game da shi daga alƙalaminmu suka samo. Ga labari a gabanmu ɗanye shar, da kunya da tsoro da surukuta duk a cikin akwati guda, mun tsallake shi muna kwaikwayon finafinan Indiya. Ɗalibanmu ma da muka ba su insha'i a kan tafiya, irin jarumar nan suka rubuto mana.

Da iyalin nan suka dawo mun je yi musu barka da sauka. Jirginsu ya yi jinkirin awa shida kafin ya tashi, famfas ya ƙare tun suna ƙasa, jaririn ya sauka Jidda naɗe da mayafin uwarsa, yarinyar kuma ta kwana uku tana tari. Muka tambayi ƙullinmu na daddawa. Aka ce ya isa lafiya, mai shi ma ta aiko da godiya.