An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Ga Masu Tallar Atisayen Ido



A zangon karatun da ya gabata wani bawan Allah ya zo taron iyaye da malamai na makarantarmu, sanye da farar riga irin ta asibiti, rataye da jakar kwamfuta. An ba shi minti goma, ya cinye arba'in. Saƙonsa shi ne wai yawancin yaran da muke kira daƙiƙai lafiyarsu lau, idanunsu ne kawai ba sa tafiya tare, kuma da atisayen ido na mako shida za su kama karatu kamar ruwa. Ya ɗaga wata igiya mai duwatsu uku, ja da kore da ɗorawa, ya fito da tabarau mai launi, ya nuna wani wasa a waya. Ya ce atisayen nan yana miƙe harara-garke, yana raba yaro da gilashi, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Kuɗin da ya yanka wa kowane yaro ya kusa rabin albashina. Da taro ya watse sai ya biyo mu ɗakin malamai, ya sassauta murya, ya ce duk malamin da ya kawo yaro yana da la'adarsa.

Kafin a tashi tara washegari, wasu abokan aikina sun riga sun jera sunayen yara a takarda. Da na nuna rashin amincewa aka ce ni mai hana ruwa gudu ne. To, tunda a ɗakin malamai hayaniya ta fi hujja yawa, na ga ya dace in kawo maganar nan, inda kowa zai karanta a natse.

Zan fara da abin da yake gaskiya a zancen mutumin, domin da ƙarya ce zalla da babu wanda zai saurare shi. Kowane ido yana da tsokoki shida da ke juya shi. In mutum yana duban abu mai nisa, idanun biyu suna miƙewa gaba. In ya sunkuya kan littafi, wajibi ne su karkato ciki, wajen hanci, su sauka a kan kalma guda, sa'annan ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu su zama ɗaya. Akwai yaran da wannan karkatowa ke yi wa wuya. Mu kira matsalar raunin haɗa ido. Irin wannan yaro yana iya karanta allon gwajin ido daga nisan mita 6 har layin ƙasa, a ce masa idonsa garau, amma da ya buɗe littafi na 'yan mintoci sai kai ya ɗauki ciwo, baƙaƙe su riƙa rabuwa biyu ko su yi kamar suna yawo, layi ya ɓace masa, barci ya kama shi.

Na san haka ne ta hanyar da ba na alfahari da ita. Shekarun baya na koyar da wata yarinya a aji biyar. Daga bencin baya take karanta allo, in aka yi tambaya da baki ita ce ta fara ɗaga hannu, amma in aka ce a buɗe littafi sai ta kwantar da kai a kan benci, ta rufe ido ɗaya da gefen hijabinta, jim kaɗan ta ce kanta na ciwo. Na kira abin lalaci, har na sa ta durƙusa fiye da sau ɗaya. Kawunta, ma'aikacin jinya, shi ya kai ta asibitin ido, aka auna ta, aka koya mata atisaye, tana yi a gida tana komawa ana dubawa, har ciwon kan ya lafa. Na nemi gafarar yarinyar a gaban mahaifiyarta. Amma ku lura da abu guda: yarinyar nan ta riga ta iya karatu tun kafin a kai ta asibiti. Abin da atisayen ya ba ta shi ne ikon zama da littafi ba tare da azaba ba.

Masana sun gwada wannan atisaye gwaji na ƙwarai. A shekarar 2008 aka buga sakamakon wani bincike da Cibiyar Lafiyar Ido ta Amurka ta ɗauki nauyinsa, a kan yara 221 'yan shekara 9 zuwa 17, dukkansu an tabbatar suna da raunin haɗa ido. An raba su gida huɗu na tsawon mako 12. Waɗanda ke zuwa asibiti duk mako, ƙwararre yana sa su atisaye suna kuma ƙarawa a gida, kashi 73 cikin 100 sun warke ko sun sami sauƙi a fili. Waɗanda aka bari da atisayen fensir a gida, wato a miƙa fensir a riƙa jawo shi zuwa hanci, kashi 43. Masu atisayen kwamfuta a gida, kashi 33. Rukuni na huɗu kuwa atisayen bogi aka ba su, wanda aka tsara don kada ya yi komai, amma kashi 35 suka sami sauƙi. Ku sake duba lambobin nan biyu na ƙarshe. Wanda aka sallama gida da kwamfuta bai fi wanda aka yi wa wasan yara ba. To ina ga igiya da wasan waya da aka danƙa wa uwa a leda, babu awo kafin a fara, babu mai dubawa bayan an fara?

Sai babbar tambaya, wadda ita ce ta shafe mu: in an gyara haɗa idon, karatu yana gyaruwa? Masu binciken nan ba su bar ta ba. Sun sake ɗaukar yara fiye da 300, 'yan shekara 9 zuwa 14, masu wannan matsala, wasu aka yi musu atisaye na gaskiya, wasu na bogi, har mako 16, aka fitar da sakamako a 2019. Da aka auna idanu, na masu atisayen gaskiya sun fi iya haɗuwa. Da aka auna fahimtar karatu, babu bambanci tsakanin rukunan biyu. Waɗanda suka yi wannan aiki mutane ne da suka yarda da atisayen ido, da yawansu sana'arsu ke nan, amma suka buga abin da suka gani. Tun kafin nan, a 2009, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ƙungiyar likitocin ido da wasu ƙungiyoyi biyu na masana idon yara sun fitar da sanarwa ta haɗin gwiwa cewa babu hujjar kimiyya da ke nuna atisayen ido ko tabarau mai launi na maganin disleksiya, wato nakasar koyon karatu, domin tushenta yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan harshe ta ɗaura su a kan haruffa.

Wannan kuwa kowane malamin aji ɗaya ya san shi ko bai taɓa jin sunan disleksiya ba. Yaron da aka ce masa "ba" da "ki" ya kasa haɗa su su zama "baki", ko ya kasa jin cewa "kaza" da "kare" da sauti ɗaya suka fara, ko da an rufe masa ido aka tambaye shi da baki kasawa zai yi. Ina ruwan tsokar ido da wannan? Mai ido ɗaya ba ya haɗa ido ko kaɗan, amma mun ga masu ido ɗaya sun yi digiri. Makaho yana karatu da yatsa. Ga shi kuma yawancin yaranmu da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba, ba su da disleksiya, ba su da raunin ido. Ajina yara sun haura 90, littafi ɗaya na yara biyar ne, wasu rabin zango suna gona ko talla, kuma kowace shekara ana tura su gaba ko sun iya ko ba su iya ba. Wannan shi ne jakin. Mai igiya ya zo ya nuna mana taiki, mu kuwa muka ji daɗi, domin in laifin ido ne, to ba na koyarwa ba ne.

Maganar raba yaro da gilashi kuwa tsohuwar haja ce. Wani likita a birnin New York mai suna William Bates ya buga littafi a 1920 yana da'awar atisaye na iya sa mutum ya jefar da tabarau, kuma fiye da shekara 100 ke nan ba a tabbatar da da'awar ba. Wanda ba ya ganin nesa, galibi ƙwayar idonsa ce ta fi ƙima tsawo, kuma babu juya ido da zai rage mata tsawo. Mu da muka haura 40 muka fara miƙa rajista nesa da fuska kafin mu ga sunaye, da atisaye na magani da mun fara da kanmu.

Wani abokin aikina, dattijo da nake girmamawa, ya ce mini: "Malam, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba." Allah Ya ƙara masa girma, amma a nan ban bi shi ba. Na farko akwai kuɗin, waɗanda a gidaje da yawa buhun hatsi ne. Wanda ya fi wannan shi ne lokaci, musamman ga mai harara-garke. In idon ƙaramin yaro ya karkace, ƙwaƙwalwarsa takan daina amfani da hoton wannan idon don gudun ganin abu biyu, a hankali idon ya zama rago, ganinsa ya dushe alhali ƙwayar lafiya lau take. Maganinsa sananne ne: gilashin da ya dace, da rufe lafiyayyen idon da filasta na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa ragon aiki, wani lokaci da ɗigon magani, wani lokaci da tiyata don miƙe idon. Bincike ya nuna cewa in matsalar matsakaiciya ce, rufewar sa'a 2 a rana na iya yin aikin da sa'a 6 ke yi. Sai dai maganin ya fi kamawa kafin yaro ya kai shekara 7, daga nan kuma yana ƙara wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka zaunar da shi shekara guda yana kallon duwatsu a igiya, an cinye masa shekarar da ba ta dawowa. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsanani, ko da yake ba shi da yawa: karkacewar ido a jariri, ko farin haske a tsakiyar ƙwayar idonsa, na iya zama alamar sankarar ido, wadda jinkiri a kanta kan kai ga rasa ido ko rai.

La'adar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Mutumin bai biyo mu ɗakin malamai don ya ga mun san ido ba. Ya biyo mu ne don ya san cewa a unguwanninmu in malam ya ce wa uba "ɗanka na da matsala, ga inda za ka kai shi", uban zai sayar da akuya ya kai shi. Wannan yarda ba mu muka gina ta ba, gadonta muka yi daga malaman da suka koyar da iyayen yaran nan. Malamin da ya jera sunayen ɗalibansa a takarda don a biya shi kan kowane kai ya sayar da ita, ko da niyyarsa taimako ce. Na san halin da aljihunmu ke ciki, nawa ma bai fi na kowa ba. Duk da haka uban da ya biya ya ga ɗansa bai iya karatu ba, ba mai farar riga zai nema ba, domin wannan ya daɗe da barin gari. Mu zai tarar a bakin aji.

Kada a fahimce ni da cewa mu kau da kai daga idon yara. Kuskuren da na yi wa yarinyar nan ya ishe ni darasi. Aikinmu shi ne lura. Yaron da ke rufe ido ɗaya in zai yi karatu, ko yana karkata kai, ko yana ƙanƙance ido wajen duban allo, ko yana kukan ciwon kai duk lokacin da aka buɗe littafi amma ba ya yi a filin wasa, ko ya ce yana ganin rubutu biyu-biyu, a ajiye bulala, a dawo da shi bencin gaba, a kira iyayensa. Daga nan kuma sai asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai sassan ido a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi da dama. A gaya wa mai dubawa ainihin abin da aka gani, a ce a littafi yaron ke wahala, don kada a tsaya ga allon bango kawai. In ƙwararre ya auna ya ce raunin haɗa ido ne, ya rubuta atisaye, a yi shi da gaske, a riƙa komawa. In aka ce ido lafiya, to yaron namu ne, mu koma da shi kan baƙi da wasali.

Duk wanda ya zo makaranta da sunan duba ido kuwa, a tambaye shi shaidar rajistarsa. Masu auna ido da masu haɗa tabarau suna da hukumar da ke yi musu rajista a ƙasar nan, ODORBN, wadda aka kafa da doka tun 1989, likitoci kuma suna da majalisarsu ta MDCN. Mai farar rigar nan na tambaye shi tasa, ya ce ta na mota. Har ya tafi ban gan ta ba.

A taron reshe mai zuwa zan gabatar da ƙuduri mai sassa biyu. Na ɗaya, kada wani memba ya karɓi la'ada don tura ɗalibi wajen mai sayar da magani ko atisaye kowane iri. Na biyu, shugabannin reshe su rubuta wa sashen ido na babban asibitin da ke kusa da mu, su roƙi a turo ma'aikaci ya yi wa malamai bita ta yini ɗaya kan alamomin matsalar ido a aji, in ya yiwu a Ranar Gani ta Duniya, wadda ke faɗowa Alhamis ta biyu a watan Oktoba. Abokan aikin da suka jera sunaye ina roƙonsu su zo da takardun nan nasu, mu bi yaran ɗaya bayan ɗaya, mu ware waɗanda za a kai asibiti da waɗanda za mu zauna da su bayan an tashi.