Baƙo da Ƙwaryar Acca a Daɗin Kowa

Duk wanda Allah Ya nufe shi da barin ƙasarsu ya sauka a Jos, ko daga Maraɗi ya taso ko daga Ingila, idan ya bi hanyar Bukur da hantsi ya tsaya a Daɗin Kowa, inda mata ke baje kayan gona a bakin titi, lalle zai ga abin da idonsa ya sani zube kusa da abin da bai taɓa ji ko a labari ba. Ga kabeji da karas da dankalin Turawa na Bokkos, ga kuma wata ƙwaya fara mai kama da yashi, ana aunawa da mudu, wadda ita ce acca, abincin Birom tun kafin Turawan kuza su kafa sansani a Naraguta. Ra'ayina shi ne baƙon da ya kau da kai daga wannan mudu, ya tafi neman abincin gidansu kaɗai, ya tauye wa kansa babban rabo daga fa'idar tafiya.

Ba yau matafiya suka fara raina baƙon abinci ba. Shaihin matafiya Ibn Baɗuɗa, da ya ratsa daular Mali a shekarar 1352, ya ambaci wannan ƙwaya a littafin tafiyarsa, alhali shi ne kuma ya raina abin da aka karɓe shi da shi a Walata. Wato ilmi, komai yawansa, ba ya raba mutum da ƙyamar abin da harshensa bai saba da shi ba.

Amma a dubi yadda ake sarrafa acca. Mace za ta zuba accar a ƙwarya, ta yi ta rairaya cikin ruwa, tana juyewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan da haƙuri irin na mai neman zinariya, har tsakuwar ƙarshe ta kwanta a gindi. Sa'an nan ta dama ta cikin romo da gauta da yakuwa da alayyafo, ya zama gwate, wanda in aka sha shi da zafinsa cikin sanyin Disamba na tudun Jos, sai mutum ya fahimci hikimar waɗanda suka ƙago shi. Idan baƙo ya durƙusa ya ce, "Mama, yaya ake dafa wannan?" ba za ta sallame shi ba sai ta koya masa, ta kuma yi masa gyara.

Ban jahilci uzurin Musulmi ba, domin sha'anin yanka da nisantar shubuha wajibi ne, kuma a ƙasar da addinai suka cuɗanya akwai naman da bai halatta gare shi ba. Sai dai malamanmu sun tabbatar cewa asalin abubuwa halacci ne, kuma maganin shakka tambaya cikin ladabi. Wane haramci ke cikin hatsi da ganye? Sau da yawa girman kai ne ake lulluɓewa da rigar tsantseni.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu kanmu muka zama baƙi ga juna. Tun rikicin 2001, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, da fitinun 2008 da 2010, ciniki a Jos ya yi ta rabuwa bisa unguwa da addini, har aka samu yaran da ba su taɓa sayen ko gishiri a hannun wanda ba nasu ba. Daɗin Kowa, wadda dattawanta da matanta, Musulmi da Kirista, suka tsaya tsayin daka har wutar 2010 ta ƙetare ta, tana cikin wuraren da Bahaushe mai tsire da 'yar Birom mai acca ke ciniki a titi ɗaya. Ya kamata hukumar Jos ta Kudu ta gina wa waɗannan mata rumfuna da magudanar ruwa a inda suke, kada a tarwatsa su da sunan tsabtace hanya.