Kamun Ƙafa da Kuɗin Baitulmali

Akwai masu ganin ya kamata a kafa doka ta hana kamun ƙafa, watau a hana kowace ƙungiya ko wani mai hali bin 'yan majalisa da manyan ma'aikata gida gida domin a yanka masa rabo daga kuɗin jama'a. Mun duba wannan magana da kyau. Mun yarda cutar da suke kuka da ita gaskiya ce, amma maganin da suka kawo, mu dai ba mu ga zai warkar da ita ba. Muna ma tsoron ya ƙara wa talaka ciwo.

Da farko sai mu tuna ko kuɗin wane ne ake magana. A zamanin En'e ba a bukatar a gaya wa kowa. Dagaci ya tara haraji, Bafillace ya biya jangali, Hakimi ya kai Baitulmali, Ma'aji ya rubuta. Kowa ya san daga aljihunsa kuɗin suka fito. Yau kuwa da yake yawancin kuɗin daga Abuja ake rabo su, sai mutane suka ɗauka dukiya ce marar mai ita, kowa ya iya ya ɗiba. Ba haka ba ne. Tun daga shekarar 2020, a kan kayan da ake sa wa harajin saye, naira bakwai da rabi ake ɗorawa cikin kowace ɗari. Mai sayen katin waya a kasuwar Goronyo yana biya, ko ya sani ko bai sani ba. Man fetur ɗin da ake haƙowa kuma na 'yan ƙasa ne duka.

To, ga abin da ya sa mutane suka fusata. Jihar Zamfara maƙwabciyarmu ce, daga jikin Sakkwato aka cire ta a 1996. A can aka yi dokar da ta yanka wa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa kuɗin kula da kai. Cikin 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a biya shi naira miliyan 10 da dokar ta ba shi kowane wata. Da takardar ta fito fili, ba a ɗauki lokaci ba majalisar jihar ta soke dokar cikin watan Nuwamba na wannan shekara. A lura da abu biyu. Waɗanda suka yi dokar suna cikin masu cin amfaninta. Kuma ba kotu ce ta kashe ta ba, fitowarta fili ce.

Haka kuma maganar taki. Shekara da shekaru Gwamnati tana biyan rangwame domin manomi ya sami taki da araha, dillalai da masu uwa a gindin murhu suna tare shi a hanya. Ministan gona na wancan lokaci, Akinwumi Adesina, ya faɗa da bakinsa cewa manoma 11 ne kaɗai cikin ɗari suke samun takin, shi ya sa a 2012 aka koma aika wa manomi saƙo ta wayar hannu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. A watan Nuwamba na 2015 aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance daga Babban Banki a Birnin Kebbi. An fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya. Zuwa farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka mayar, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko da lissafin Bankin muka bi, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin, kuma a ƙarshen shekarar aka daina karɓar sababbin masu nema. Manomin ƙwarai da ya biya bashinsa, an rufe masa ƙofa tare da wanda ya ci ya share baki.

Duk wannan mun yarda. Amma a ce an kafa dokar hani, wa za ta kama?

Bari mu duba ƙasar Rima. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, an gina ta ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cikin tafki. Da ita manoman rani na Goronyo da Wurno suka dogara, masu shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama, kuma daga gare ta birnin Sakkwato yake samun ruwan sha. Cikin damina ta 2010 ruwa ya yi ambaliya ya ci garuruwa da gonaki a wannan kwari. A 2018 kuma sai ga tafkin ya janye har saura kamar kashi ɗaya cikin goma, saboda ƙarancin ruwan sama da yashi da ya cike shi. Yashe irin wannan tafki ba aikin gayya ba ne, aikin Gwamnatin Tarayya ne da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. In manoma suka haɗa kai, suka zaɓi dattawa biyar suka tura wurin ɗan majalisarsu ko wurin hukumar, me suka yi? Ƙungiya ce mai bukata ta kanta, tana neman a kashe mata kuɗin jama'a. In aka bi lafazin dokar da ake so, sun yi laifi ke nan. Haka mutanen ƙasar Rabah da ke neman a ƙara musu jami'an tsaro saboda ɓarayin daji. Haka ƙungiyar malaman makaranta in ta je neman a biya ƙarin girma da aka daɗe ana riƙewa, ko a rufa wa aji kwano kafin damina.

Waɗannan su ne masu zuwa da rana, da takarda a hannu, su zauna a benci su jira. Su doka za ta gani. Babban ɗan kwangila kuwa ba ya rubuta takarda. Wurin ɗaurin aure yake ganin kwamishina, ko wurin ta'aziyya, ko bayan sallar lisha a ɗakin baƙi. Wane ɗan sanda ne zai shiga can ya ce an taka doka? Ga shi kuma sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa da shiga ƙungiya domin kare bukatunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hukumar da ta toshe kunne daga masu ɗaki ba za ta san inda za ta kai jinka ba.

Ƙasashen da suka riga mu shan wannan wahala ba su hana ba. Amurka ta yi doka a 1995 wadda ta tilasta wa masu wannan sana'a su yi rajista, su faɗi wanda ya ɗauke su aiki da abin da aka biya su. Ingila ta kafa nata littafin rajista da dokar 2014. Ba mu ce sun tsarkaka ba, masu kuɗi har yanzu sun fi kowa murya a can. A nan gida an kawo irin wannan shiri gaban Majalisar Dattawa a 2016, bai zama doka ba.

Abin da muke ba da shawara shi ne a raba kamun ƙafa gida biyu. Akwai wanda ya kamata a hana ɗungum. Kada mai riƙe da muƙami ya sa hannu a dokar da za ta cika aljihunsa, ko yana kan kujera ko bayan ya sauka. Kada kuma ma'aikaci ko ɗan majalisa ya karɓi kyauta daga mai neman wani abu a ofishinsa, ko da an kira ta goro. Wannan ba sabon ilmi ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance a Wurno. Mahaifinsa, Shehu Usmanu, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya soka a Kitabul Farƙi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sauran kuwa a bar shi, amma a fito da shi rana. Kowace ƙungiya da ta zo neman rangwame ko rance ko aiki, a rubuta sunanta da abin da ta nema da amsar da aka ba ta, a cikin littafin da kowa zai iya dubawa. In an raba taki ko injin ban ruwa, a lika sunayen waɗanda suka samu a bangon sakatariyar Wurno da ta Rabah da ta Goronyo, gunduma gunduma, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci. A ƙauye ba a ɓoye wanda ba shi da gona. Ayyukan mazaɓu ma haka. Shugaba Buhari ya ce a 2019 an kashe naira tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba a ga amfanin da ya kai kuɗin ba. Da kowane aiki yana da allo mai ɗauke da kuɗinsa da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa, da mutanen gari sun riga masu bincike ganewa.

Wannan aiki a hannunku zai faɗo, ku malaman ofis, domin ku ne masu riƙe da fayil, kuma ba a lika sunan ƙarya sai wani magatakarda ya buga shi. Ku kuma malaman makaranta, a garuruwa da yawa ku ake kawo wa takarda ku karanta. In manoma suka zo ku rubuta musu koke, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi, ku gaya musu su nemi a buga musu hatimin karɓa kafin su bar ofis. In hukumar ta Tarayya ce, dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba su ikon tambayar inda takardarsu ta kwana, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.