Maƙalar Mako: Fiyano a Tsakanin Ganguna Biyu



A wannan makon za mu leƙa Jamaika, wurin makaɗin fiyano Monty Alexander, domin tarihinsa ya taɓo wata muhawara da muka daɗe muna yi: shin ɗauko salon waje yana ɓata rubutun Hausa?

An haife shi a Kingston a 1944. Tun yana matashi yake kiɗa a situdiyo tare da makaɗan garinsu, lokacin da kiɗan ska ke tasowa. A 1961 iyalinsa suka koma Miami, daga nan ya wuce New York. A can ya duƙufa kan jaz, yana kiɗa da manya irin su Milt Jackson da Ray Brown, har wasan da ya yi a Montreux ta Suwizalan a 1976 ya zama faifan da masu jaz ke ji da shi.

Da ya samu wannan matsayi, bai watsar da kiɗan gida ba. A 1980 ya fitar da Ivory & Steel, inda fiyano ya haɗu da gangar ƙarfen nan ta Tirinidad da ake ƙerawa daga durom ɗin mai. A 1999 ya sake kaɗa waƙoƙin Bob Marley a faifan Stir It Up. A ƙungiyarsa ta Harlem-Kingston Express kuwa, makaɗan jaz na gefe guda, na rege na ɗaya gefen, shi yana tsakiya da fiyanonsa.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Mu a ganinmu, Alexander ya tauna su ne saboda ya san kowace ɗaya ciki da bai kafin ya haɗa. Ya yi rege da 'yan rege, ya yi jaz da masu jaz.

Nan ne da yawanmu muke faɗuwa. Mukan ɗauko tsarin labari daga fim ɗin da muka kalla sau ɗaya, mu yayyafa masa karin magana biyu, mu ce mun haɗa zamani da gargajiya. Ba mu zauna da Magana Jari Ce ba, ba mu kuma karanta littafin waje ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Mai karatu yana ganewa tun a shafin farko, sai ya ajiye.

Masu tsoron kada aro ya kashe Hausa suna da hujja, don mun ga inda ya ɓata ta. Sai dai laifin na aron da aka yi da ka ne. Duk salon da muke sha'awa, mu karance shi har mu iya shi, mu kuma koma gaban tsofaffinmu mu ji yadda suke gina zance.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.