Masu Ƙara Wa Mota Inji, Ku Tuna Da Birki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in ja kunnen 'yan uwana direbobi da kanikawa na ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga a kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare.

Yanzu da zarar injin mota ya gaji, sai mai ita ya ce a sauke a ɗora masa wanda ya fi na asali ƙarfi, wai don ta riƙa jan buhunan albasa da kwalayen kifi, ta kai Kontagora ko Jega ta dawo da wuri. Samari masu wasan mota a wajen biki su ma haka. Amma ban da ɗai-ɗai, ba wanda ke cewa a duba masa birki.

Jama'a, kamfanin da ya ƙera mota ya auna birkinta ne daidai da nauyinta da gudunta. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota ninkawa huɗu take yi. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya, tun bai ɗaga ƙafa daga totur ba. To ina ga an yi lodi har bisa, ga rami, ga shanu sun ratso titi?

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi. In zafin ya yi yawa, fad ya daina kama faifai, man birki kuma ya tafasa ya zama tururi, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Shi ne za ka ji an ce "birki ya tsinke", alhali tun a gareji aka tsinke shi. Sabon mai lamba DOT 3 yana jure zafin digiri 205, DOT 4 kuma 230. Sai dai man nan yana zuƙar danshi, in ya tsufa DOT 3 na iya tafasa a digiri 140 kacal, shi ya sa ake so a juye shi duk shekara 2. Mu da ke bakin tafkin Kainji, da irin danshin daminarmu, ai mu ya kamata mu fi kowa kiyayewa. Su kuwa masu zuba ruwan Omo a madadin mai, Allah ya shirye su, domin wannan ganganci ne da ran fasinja.

Turawan da samarinmu ke kallo suna tsere a talabijin, a keɓaɓɓen fili suke yi, kuma faifan birkin motar Formula 1 yakan kai zafin digiri 1,000 bai gaza ba, don an yi shi ne saboda haka. Mu tseren da muka gada na kwale-kwale ne a bikin Rigata.

Wani zai ce tsada. Gaskiya ne, kaya sun yi tsada. Amma wanda ya iya sayen inji ba zai kasa sayen fad mai kyau, da faifai mai ramukan shan iska, da sabon tiyo ba. In injin ya fi na da girma sosai, a ɗauko birkin motar da aka ciro shi a haɗa gaba ɗaya, gaba da baya. A duba taya, don birki ba ya kama komai da suɗaɗɗiyar taya. A gangara kuma a sauko da giya.

Ina kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda ta tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya a 2017, da jami'an VIO, da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Yelwa, Wara da Shanga, su riƙa gwada birkin duk motar da aka canza wa inji kafin a ba ta layin lodi.



Naka,
Wani makanike,
Yelwa, Yauri, Jihar Kebbi.