Dusar Ƙanƙarar Kilimanjaro da Dajin Birnin Gwari

A shekarar 1848 wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Johannes Rebmann, wanda ke aiki da ƙungiyar CMS a gabashin Afirka, ya hango wani farin abu a ƙwanƙolin dutsen Kilimanjaro. Ya rubuta cewa dusar ƙanƙara ce. Da labarin ya isa Ingila sai wasu masana suka yi masa dariya, wai ina ƙanƙara za ta zauna a tsakiyar ƙasar zafi? Ashe gaskiya ya faɗa. Dutsen yana ƙasar Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895, kuma sanyin da ke can sama ya isa ya daskarar da ruwa.

To, 'yan'uwa ɗalibai, malamai da iyayenmu na ikilisiya, abin da Rebmann ya gani yana ƙarewa. Masu bincike sun auna, sun tarar cewa tsakanin 1912 da 2007 kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar dutsen ya tafi. A 2022 hukumar UNESCO ta ce da wuya ragowar ta kai 2050. Haka abin yake a Turai: a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023, duwatsun Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙararsu.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Hayaƙin man fetur da kwal yana tare zafi a sararin sama. Idan iska ta ɗumama, abin da ya kamata ya sauko a matsayin dusa sai ya sauko ruwan sama, ya gangare nan take. Wadda ta samu ta kwanta kuwa takan narke da wuri. Farin abu yana mayar da hasken rana, kamar yadda farar riga ta fi baƙa sanyi a watan Afrilu. Da zarar dusa ta janye, baƙin dutse ya bayyana, sai ya sha rana, ya ƙara narkar da ta kusa da shi. A Kilimanjaro akwai ƙarin dalili, wato bushewar iska da ƙarancin gajimare.

Wani zai ce mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a cikin Littafi Mai Tsarki da littafin labarin ƙasa, ina ruwanmu? Mu tuna cewa ita dusar rumbun ruwa ce. Takan taru lokacin sanyi, ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan lokacin zafi. Dusar dutsen Harmon tana cikin abin da ke ciyar da maɓuɓɓugan kogin Urdun, inda aka yi wa Ubangijinmu baftisma. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mutanen da ke noma a gindin Kilimanjaro. Yawancin ruwansu daga dajin da ya kewaye dutsen yake fitowa, domin itatuwa ne ke kama raɓa da hazo, saiwoyinsu su riƙe ruwa a ƙasa har rani.

Irin wannan rumbu muna da shi. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Doka da maje da kaɗanya da ɗorawa su ne ke hana ruwan Agusta zarcewa gaba ɗaya zuwa kogin Mariga. Inda aka sare su, ruwa kan wanke ƙasa ya bar zaizaya, rafi kuma ya ƙafe kafin Kirsimeti. Duk wanda ya ga motoci shaƙe da buhunan gawayi suna shiga Kaduna ya san daga ina itacen ya fito.

Ba za mu ruɗi kanmu ba. Ko da mun dasa bishiya dubu ɗari, ba za ta mayar wa Kilimanjaro ƙanƙararsa ba, domin mafi yawan hayaƙin daga masana'antun Amurka da Turai da Sin ya tashi. Haka nan ba daidai ba ne mu zauna a aji muna zagin mai ƙona gawayi. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa shekara da shekaru, ga yara suna kuka, ga iskar gas ta fi ƙarfin aljihu, me zai sayar? Sai dai yunwar bana ba ta isa hujjar sare kaɗanyar da matan gari ke samun man kaɗe daga gare ta kowace shekara ba.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta fara da madafarmu. A gina murhun laka mai tsimin itace a maimakon duwatsu uku, a riƙa rubuta yawan itacen da ake saye kowane zango, mu gani ko ya ragu. Kowane aji ya karɓi fili a bayan ɗakin kwana, ya shuka ɗorawa da madaci a farkon damina, ya yi musu shinge saboda awaki, ya shayar da su a rani. 'Yan aji shida kuma, kafin su karɓi takardar sallama, su miƙa wa 'yan aji ɗaya bishiyoyinsu da rai.